Mai horas da ƴaƴan mutane, wa ke kula da nasa?

Duk wanda ya bi ta gefen filin wasa na Janar Seyni Kunce a Yamai bayan sallar La'asar, zai ga yara gungu-gungu, waɗansu na buga ƙwallo, waɗansu sanye da fararen tufafin takwando, a gabansu wani mutum riƙe da usur. Akwai masu horaswa da yawa irin wannan da ba gwamnati ke biyansu ba, ba kuma wani kulob ba. Abin da iyaye suka miƙa a ƙarshen wata shi ne albashinsu. Tun da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo lambar azurfa a wasannin Olimpik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, mutane suka ƙara ganin girman wannan sana'a.

Sai dai akwai wata wahala a cikinta wadda ba a faye faɗi ba. Ma'aikacin biro yana fita sa'ad da ƴaƴansa ke lakwal, ya dawo sa'ad da suka dawo. Shi kuwa mai horaswa, aikinsa ba ya farawa sai an tashi daga lakwal, domin a lokacin ne ɗalibansa ke samun sarari. Yammaci, Asabar, Lahadi da babban hutu na Yuli zuwa Satumba, duka kasuwarsa ce. Waɗannan kuwa su ne ainihin lokutan da nasa ƴaƴan ke gida suna bukatarsa. Ya yini yana gyara wa ɗan wani tsayuwa da ladabi, ya shigo bayan Isha'i a gajiye, ya tarar nasa sun yi barci ba a duba musu kaye ba. Nauyin duka sai ya koma kan uwargida, ita kaɗai, kuma ba wanda ke biyanta ko dala.

Waɗansu suna ganin maganin shi ne su riƙa tafiya da ƴaƴansu fili. Dabara ce mai kyau, amma tana da ƙaya. Uba yakan tsananta wa ɗansa fiye da sauran don kada a ce ya nuna son kai, yaron kuma ya rasa inda malam ya tsaya da inda baba ya fara. Idan tsawar fili ta biyo su har bakin akushi, yaro zai tsani wasan, wataƙila har da zama kusa da mahaifinsa. A ganina, wanda zai yi haka ya bar maganar wasa a ƙofar gida, ko kuma ya damƙa ɗansa a hannun wani abokin sana'a.

Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne safiya. Mai horaswa yana da abin da ma'aikaci ba shi da shi: daga sallar Asuba zuwa hantsi, lokacin nasa ne. Nan zai ji karatun allo, ya karya kumallo da yara, ya raka su lakwal, ya san malaminsu ido da ido. Ya kuma ware yammaci guda a mako da ba ya sayarwa ko nawa aka taya. Faɗin wannan ya fi aikata shi sauƙi, domin mai aikin kansa yana tsoron cewa a'a.

Tsoron kuwa na kuɗi ne. A ce yana da yara 20, kowane jikka 2 a wata: jikka 40 ke nan idan kowa ya biya, ba kuwa kowa ke biya ba. Zafin Afrilu da Mayu yana rage yara, azumi ya sauya lokuta, damina ta mai da fili taɓo. Ga watan Oktoba da kuɗin lakwal da littattafai. Wanda ya shiga adashi tun watannin sanyi, ya tsara kwasarsa ta faɗo a Satumba, ba zai tilasta wa kansa karɓar kowane ɗalibi har cikin dare ba. Ya kyautu kuma ya rubuta ranar biya da sa'o'in aiki, ya ba kowane uba tun ranar farko, domin mai kiran waya ƙarfe 10 na dare don a sa ɗansa cikin ƴan wasan gobe ya san cewa malam ma yana da iyali.