Abincin mai juna biyu a Zangon Lome: daga tukunya jini ke farawa

Tun da hukuma ta tashi tsohon Zangon Lome daga tsakiyar birni a 1977 ta mayar da shi Agoe, arewa da gari, girkin Hausawan wurin bai rabu da asali biyu ba: tuwo da koko na gado, da miyar ademe da gboma ta maƙwabtansu Ewe. Wannan haɗi yana da babban amfani ga mai ciki, muddin ya kai ga kwanonta.

Babban abin tsoro shi ne ƙarancin jini. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi don ciyar da ɗan tayi, saboda haka buƙatarta ta sinadarin ayon take hauhawa. Idan ya gaza, sai jiri da kasala, jariri ya zo ba nauyi ko bakwaini, zubar jini kaɗan wurin haihuwa kuma ya zama barazana ga rai.

Maganin yana kasuwa da araha: wake, busasshen kifi, ƙwai, zogale, da lalo, wanda shi ne ademe. Lemo ko tumatir tare da abinci suna taimaka wa hanji ya tsotsi ayon. Shayi kuwa yana hana wannan tsotsa, don haka a jinkirta shansa da awa guda bayan abinci. Cin farar ƙasa, da ake ɗauka kwaɗayin ciki ne, sau da yawa alamar ƙarancin jinin ce. Camfin hana mai ciki ƙwai, ko rage mata abinci wai kada ɗa ya yi girma, ba shi da tushe a likitance.

Abinci kaɗai bai wadatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum, kuma tun 2016 ta ce a je awo sau 8. A wurin awon ne ake ba da rigakafin zazzabin cizon sauro, mai cinye jini. Shirin Wezou da gwamnatin Togo ta ƙaddamar a 2021 ya rage wa masu ciki nauyin kuɗin wannan kulawa.

Saura aikin gida. Maigida, kai ke riƙe da kuɗin cefane: ƙara kifi da wake, a fara zuba wa mai ciki, kuma kada ka bari ranar awo ta wuce ta.