Daga Birnin Kebbi Zuwa Jidda: Abin Da Ya Kamata Maniyyaci Ya Sani

Maniyyacin Yelwa yakan hau jirgi ne a Birnin Kebbi. Daga nan zuwa Jidda kimanin kilomita 3,800 ne, tafiyar awa 5 ko fiye, wadda kakanninmu suka riƙa shafe shekaru suna yi a ƙasa ta Sudan.

Sai dai saurin yana buƙatar shiri. Saudiyya ta riga mu da awa 2, kuma lokacin salla rana yake bi, ba agogon gida ba. Mai zarcewa Makka ya sanya tufafin harami kafin tashi, ya ƙulla niyya daidai miƙati, domin ƙetare shi babu harami yana wajabta yanka. Mai fara sauka Madina kuwa, miƙatinsa Zul-Hulaifa ne.

Allah Ya karɓa.