Ƙofar zuciya daga jikin saniya: shekara nawa take yi?

A wannan makon wani makiyayi daga Abu Na'ama ya aiko mana da tambaya. Likita ya ce ƙofar zuciyar ƙanwarsa ta lalace, sai an canza ta, aka kuma ba su zaɓi biyu: ta ƙarfe ko ta jikin dabba. Shi kuwa ya ce abin da ya sani, nama ruɓewa yake yi, to ta yaya za a sa shi a ƙirjin mutum ya daɗe?

Bari mu faro daga tushe. Zuciyarka tana da ƙofofi 4, aikinsu su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komawa baya. Kullum suna buɗewa su rufe wajen sau 100,000. A ƙasashenmu abin da ya fi lalata su shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ake yi a yarinta ba a magance ba. Daga baya garkuwar jiki sai ta juya ta faɗa wa ƙofar zuciya, ta tsuke ko ta riƙa yoyo.

Ita ƙofar dabba iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗinkawa da tantanin da ya lulluɓe zuciyar saniya, akwai kuma wadda ake cirowa daga zuciyar alade. Kana da ikon tambayar likita wacce za a sa, in kuma larura ta matsa, sai ka tuntuɓi malaminka. Ba ɗanye ake sa shi ba. Ka ga yadda majemi ke jeme fatar akuya da bagaruwa har ta zama salka? To haka ake yi wa wannan tantanin da wani sinadari mai suna gulutaraldehaid, dabarar da likitan Faransa Alain Carpentier ya kawo a ƙarshen shekarun 1960. Saboda haka ba ya ruɓewa.

Amma fa yana tsufa. Sannu a hankali sinadarin kalsiyam yana taruwa a kansa, kamar farin ɓawon nan da ke kama cikin butar shayi, har ya ƙandare ko ya yage. Ga dattijo wanda ya haura 65, ƙofar takan yi shekara 15 zuwa 20. Ga matashi kuwa ta fi saurin lalacewa, wani lokaci ba ta kai shekara 10. Ma'ana wanda aka sa wa yana ɗan 25, ya sa a ransa akwai wata tiyatar a gaba.

Wadda ake kira ta ƙarfe, da wani irin gawayi mai tauri ake yin ganyenta, kuma takan raka mutum har ƙarshen rayuwa. Sai dai jini yana daskarewa a kanta, don haka dole a sha maganin warfarin kullum, a riƙa auna jini a kai a kai. In ya yi kaɗan, gudan jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In ya yi yawa, ƙaramin rauni ya ƙi tsayawa. Kai da kake bin shanu kudu da rani, ko ke da kike fatauci zuwa Gallabat, ku tambayi kanku: ina zan sami awo da magani a hanya? Ga mace mai son haihuwa kuma, warfarin yana iya cutar da ɗan tayi. Shi ya sa wasu ke zaɓar ta dabba, wadda galibi a watannin farko kawai take buƙatar maganin.

A nan Sudan, Cibiyar Salam da ke Soba kusa da Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, ita ta shahara da yin wannan tiyata kyauta. Amma tun ɓarkewar yaƙi a Afrilu 2023, hanya da magani duk sun yi wuya. Wannan ma abin dubawa ne kafin a yanke shawara.

In za ku ga likita, ku tambaye shi ko ƙofar za ta gyaru ba sai an cire ta ba, domin gyara ya fi in zai yiwu. Wanda aka riga aka yi wa, in ya ga haki, kumburin ƙafa, ko ya kasa kwanciya rigingine, ya nufi asibiti a yi masa hoton zuciya, kada ya jira kasuwa ta ci. Ya kula da haƙoransa, ya kuma ci gaba da allurar fenisilin in an rubuta masa.

Iyaye kuma, yaro ɗan 5 zuwa 15 da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, cire beli wurin wanzami ba ya kashe ƙwayar cutar. A kai shi a duba, fenisilin yake yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.