"Dala ɗari" a Zangon Wagadugu da bayanin da ake rubuta wa manhajar AI

A Zangon Wagadugu, in ɗan kasuwa ya ce maka "dala ɗari", sefa 500 yake nufi, domin dala guda sefa 5 ce. A Kano kuwa, dala kuɗin Amurka ce. Da wannan bambanci nake auna bayanan da ake rubuta wa manhajojin AI masu zuwa aike a madadin mutum.

Irin wannan manhaja ba ta ganin cikin kayan aikin da aka haɗa mata, na duba asusu ne ko na tura kuɗi ta waya. Abin da ke gabanta kawai suna ne, da 'yan layukan bayani, da guraben cikewa. Haka tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 yake.

Tambayoyi uku nake yi wa kowane bayani. Ya faɗi aikin da kayan ke yi, da lokacin da bai kamata a taɓa su ba? Ya bayyana ma'auni, sefa ce ko naira? Ya yi gargaɗin cewa kuɗi in sun tafi, dawo da su sai an sha wuya?

Gwajina mai sauƙi ne. Miƙa bayanin ga sabon yaron shago, ka ce ya aika dala ɗari Maraɗi. In ya tsaya yana tambaya "Maigida, wace dalar?", to bayanin bai cika ba. Yaro dai zai tambaya. Manhaja kuwa tana iya cankar amsa ta tura, asarar kuma a aljihun mai kuɗi take.