Ɗan Aji Shida a Rukunin Ƙanana: Taimako Ne Ko Ƙwara?

Da zarar zango na biyu ya kama, hunturu ya fara ja da baya zafin Lafia ya fara ɗagowa, makarantun sakandare na garin sukan shiga shirin gasar gidaje, wadda yara ke kira intahaus. A lokacin ne wata tsohuwar matsala takan dawo gaban malamin wasanni. Ga yaro ɗan aji shida, shekararsa ta ƙarshe ke nan, bai taɓa fashin atisaye ba tun yana aji ɗaya, amma ƙafarsa ba ta kai ta shiga cikin sha ɗayan manya ba. Sai wani ya kawo shawara a sa shi cikin 'yan juniya, ko ba komai ya sa rigar gidansu sau ɗaya kafin jarrabawar WAEC ta ɗauke shi.

Shawarar tana da daɗin ji, kuma masu kawo ta ba duka ne mugaye ba. Hujjarsu ita ce wasan makaranta na tarbiyya ne da motsa jiki, ba na neman kuɗi ba, don haka bai kamata a bar yaro ya ƙare shekara shida a kan benci ba saboda kawai Allah bai ba shi baiwa ba. Wannan gaskiya ne. Inda na rabu da su shi ne wurin da suke so a biya wa yaron wannan bashi.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka, makarantun sakandare sukan riƙe ƙungiya biyu a wasa ɗaya: babba mai wakiltar makaranta, da ta biyu wadda ake renon masu tasowa a cikinta. Iyaye da masu horarwa sun daɗe suna jayayya a kan ko ɗan ajin ƙarshe da bai samu gurbi a babbar ba zai iya sauka ta biyun. Wasu makarantu sun yarda, wasu sun hana. Masu hanawa sukan ce ƙungiya ta biyu ta masu sauran lokaci ce. Ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ma a irinta aka ajiye shi a 1978 a makarantar Laney da ke Wilmington, yana ɗan shekara 15, kuma yawan wasan da ya samu a can ne ya gasa shi kafin ya hau sama. Da a ce an cike gurbinsa da wanda ya rage masa 'yan watanni ya bar makaranta, sai a ce an kyautata wa mutum ɗaya an tauye wani.

To amma a can aji da shekaru kusan tafiyarsu ɗaya. A nan ba haka ba ne, kuma nan ne maganar ta fi tsauri. Shiga kowace makarantar gwamnati daga Tudun Gwandara zuwa Bukan Sidi, za ka tarar da ɗan shekara 18 a aji uku na ƙaramar sakandare, saboda ya makara shiga boko, ko ya yi shekaru a makarantar allo, ko aikin gona ya riƙe shi a ƙauye kafin a kawo shi gari. A makarantar kuɗi da ke maƙwabtaka kuwa za ka ga ɗan shekara 15 yana aji shida, iyaye sun yi ta tsallakar da shi aji tun daga firamare. Saboda haka idan aka ce rukunin ƙanana na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne, an riga an shigar da gardawa ta ƙofar gaba ba tare da an karya doka ba. Idan kuma aka ce sai da takardar haihuwa, sai a tuna binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Sauran, idan buƙata ta taso, takardar rantsuwa ta kotu ake yankowa, ita kuwa abin da aka faɗa mata take rubutawa.

Ke nan tambayar da ta dace ba ta aji ba ce, ta jiki ce da shekaru. Tsakanin shekara 13 da 18 ne jikin namiji ke yin babban sauyinsa: tsawo, faɗin kafaɗa, nauyi, ƙarfin cinya. Rashin iya ƙwallo ba ya rage wa saurayi ko kilo ɗaya. Hasali ma wanda bai iya ba ya fi haɗari, domin shi ne yake zuwa a makare ya tari ƙafa maimakon ƙwallo, a filin da rani ya mayar kamar siminti. Ƙashin yaro mai tasowa yana da wani sashe mai taushi kusa da gaɓa wanda daga nan yake ƙara tsawo, kuma karaya a wurin takan bar nakasa idan ba a yi ɗori mai kyau ba. Mutanenmu sun san wannan tun kafin likita ya faɗa. A filin kokawa yara ke buɗe fage, kowa da tsaransa, kuma ba wanda zai ce a haɗa ƙato da ɗan yaro don kawai ƙaton bai iya kaye ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Sau da yawa ba don tausayin ɗan aji shidan ake saukar da shi ba, don kofi ne. Wanda bai kai ba a cikin manya, a cikin ƙanana zakara ne. Da gudu da ture kaɗai zai ci ƙwallo biyu. Malamin gida ya samu yabo, shugaban makaranta ya ɗauki hoto da babban baƙo, yaron kuma ya koyi darasin da zai bi shi har girma: cewa idan abu ya gagara a sahunka, sai ka rage shekaru ka koma na baya. Daga nan zuwa ɗauko sojan haya daga unguwa a sa masa rigar makaranta, taki ɗaya ne.

Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗar wannan hali. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin rage shekaru bai taɓa barin mu sakat ba. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda an samu saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, muka kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, shekarar da aka buga gasar 'yan ƙasa da 17 a nan gida, FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu, wanda ke duba ko wancan sashe mai taushi na ƙashi ya gama haɗewa. Idan ya haɗe sarai, sai a ɗauka mai shi ya wuce shekarun. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji ana daf da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya. Waɗannan samari ba a sansanin horo na Abuja suka fara jin cewa shekaru abin ciniki ne ba. A ƙananan filaye suka fara ji, daga bakin manyan da suka yarda da su.

Ban ce kada a taɓa yin sassauci ba. Wancan ɗan shekara 15 da ke aji shida, mai jiki kamar na ɗan aji biyu, zalunci ne a tura shi gaban masu gemu don kawai sunan ajinsa. Wurinsa yana cikin tsaransa, kuma ya kamata a faɗa a fili a gaban dukkan gidaje kafin ranar gasa, ba a lallaɓa da sunansa cikin takarda da dare ba. Makarantun horar da 'yan ƙwallo a Ingila sun gwada irin wannan, suna haɗa yara wasa bisa yadda jikinsu ya balaga maimakon shekarar haihuwa kawai. Mu ba mu da na'urorinsu, amma ma'aunin nauyi da awon tsawo ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba, ga kuma rajistar shiga aji ɗaya, wadda aka rubuta tun kafin kowa ya san yaron zai buga ƙwallo, don haka ta fi takardar da aka yanko makon jiya gaskiya.

Shi kuwa ƙaton da bai iya ba, hakkinsa na nan, amma ba a jikin ƙanana za a cire ba. Abin da ya rasa shi ne ƙungiya ta biyu ta manya. A makarantar da aji shida kaɗai ke da ɗalibai sama da ɗari, abin mamaki ne a ce mutum sha ɗaya ne kawai a kowane gida za su taɓa ƙwallo. A yi rukuni na biyu na manya, gida da gida, ko aji da aji, su buga ranar Alhamis idan na farko sun buga Laraba, a kuma ba su maki a lissafin kofi don kada a mayar da su abin dariya. Mu kuma daina yi kamar ƙwallon ƙafa ce kaɗai wasa. Mai jikin da ya yi nauyi a tsakiyar fili yana iya zama gwani a jifan dalma ko jan igiya ko ƙwallon hannu. Wani alƙalanci ne zai karɓe shi, wani kuma horar da 'yan aji ɗaya, kuma garin da ke da Nasarawa United da Nasarawa Amazons yana buƙatar alƙalai da masu horarwa kamar yadda yake buƙatar masu cin raga.

'Yan mata ma abin ya shafe su, sai dai tasu matsalar ta sha bamban: da yawansu sukan janye daga wasa da sun shiga babbar sakandare, har a rasa adadin da zai cika rukunin manya, sai a haɗe kowa wuri ɗaya a ce ai babu yadda za a yi. A irin wannan hali gara a rage yawan 'yan wasa, a buga biyar-biyar ko bakwai-bakwai a rabin fili, da a jefa 'yar aji ɗaya cikin 'yan aji shida. Kuɗin da hakan zai ci bai wuce na ƙwallo biyu da ɗan alawus na malamin da zai tsaya bayan an tashi ba, kuma magana ce da za a iya yankewa a zama ɗaya na ƙungiyar iyaye da malamai kafin a raba rigunan gidaje.