Kariya da 'Yan'uwanta: Shuke-shuken Ƙawa Masu Jure Rani a Rano da Kibiya

A makarantu da dama na ƙasar Rano da Kibiya, akan shuka furanni a gaban ofishin shugaban makaranta da faɗuwar damina, su yi kore shar har zuwa kaka. Da hunturu ya kama, sai ɗalibai su shiga jido da bokiti. Kafin watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, yawancinsu sun bushe ƙurmus. Akan ɗora laifin a kan lalacin ɗalibai, alhali kuwa matsalar tana wajen zaɓen shukar.

Littattafan aikin lambu da ke zuwa daga Turai sukan yaba wa shuke-shuken yankin Bahar Rum, irin su labanda da rozmari, a kan juriyar ƙishirwa. Gaskiya ne suna da juriya, amma sai a lura da irin ranin da suka saba da shi. A Italiya da Girka da gaɓar Maroko, ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, watannin zafi kuma su wuce a bushe. A kudancin Jihar Kano kuwa, ruwa yana zuwa tare da ɗumi, daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Shukar da ta saba hutawa cikin busasshiyar ƙasa a lokacin zafi, idan ta tsinci saiwarta cikin laima mai ɗumi, sai ƙwayoyin cuta su ruɓar da ita. Wato labanda ta fi fuskantar haɗari a marka, ba a bazara ba. Daga cikin itatuwan da ake nomawa a wancan yanki, rumman ne ya daɗe da sabawa da gidajen ƙasar Hausa.

Abin da ya fi dacewa yana kusa da gida, a irin ƙasar tsakuwa da ke gindin duwatsun Rano da Kibiya, inda ruwa ba ya kwanciya. Sarauniyar irin wannan wuri ita ce kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. Gindinta kumburarre ne, rumbun ruwa ne da take cikawa da damina. Da rani ya shigo sai ta zubar da ganyenta, domin ta ganye ne shuka ke asarar mafi yawan ruwanta. A daidai wannan lokaci, da dawa ta yi fari fat, sai ta fitar da furanni ja-ja masu farin ciki a kan rassa tsirara. Abin takaici, shukar da ake wucewa ba a ko kallo a ƙauyukan ƙasar Hausa, ita ce manoman furanni na ƙasar Tailan suka fitar wa launuka iri-iri, suna sayar wa duniya a tukwane.

Moda kuma dabararta daban ce, ta kuma cancanci malamin ilimin halittu ya kai ta aji. A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita kamar tururi. Yawancin shuke-shuke da rana suke buɗe su. Moda tana kulle nata da rana, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, ta buɗe, ta ɗebi iskar ta adana ta a matsayin wani sinadari mai tsami. Idan gari ya waye, sai ta sarrafa shi da hasken rana ta haɗa abincinta, ƙofofin suna rufe. Shi ya sa take yin makonni ba ban-ruwa, shi ya sa kuma girmanta yake da nawa.

Akwai kuma ƙerana da aguwa na shinge, da lalle, wanda aka fi sani da ganyensa, ga shi kuwa furensa yana da ƙamshi mai daɗi da yamma.

Dashen kariya ba wuya. A yanki reshe, a ajiye shi a inuwa na 'yan kwanaki har bakin yankan ya bushe, sannan a dasa a ƙasar da aka cuɗa da yashi da tsakuwa, a kan tudu ko cikin tukunya mai huji a ƙasa. Wadda aka shuka daga iri ta fi yin kumburarren gindi. Yawan ban-ruwa ya fi saurin kashe ta fiye da fari.

Sai dai wajibi ne malamai su ja kunnen ɗalibai tun kafin a taɓa wuƙa. Ruwan jikin kariya guba ne, mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna dafin kibiya da shi. Farin ƙaron ƙerana da na tinya yana ƙona fata, yana kuma iya makantar da ido. Kada a dasa su kusa da ajin ƙananan yara ko inda awaki ke shiga. Idan ƙaron ya faɗa wa ɗalibi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a garzaya da shi asibiti.