Mutum Nawa Za Mu Tambaya?

Kowace shekara, idan malamin lissafi ya ba mu aikin ƙididdiga, gardamar farko da ke tashi ita ce yawan mutanen da za a tambaya. Wani ya ce ashirin sun isa, wani ya ce sai an bi makaranta duka. Mu 'yan ƙungiyar lissafi mun ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya domin ƙannenmu masu tasowa.

A ce makaranta tana da ɗalibai 600, kuma shugabanta yana so ya san nawa ne ke kwana cikin gidan sauro kafin ya nemi kuɗin sayen wasu. In lissafinmu ya kauce, ko dai kuɗi ya salwanta, ko wasu su ci gaba da kwanciya da zazzaɓi.

Duk wanda ya tambayi wani sashe na jama'a, amsarsa za ta ɗan bambanta da gaskiya. Akwai hanya mai sauƙi ta kimanta wannan bambanci. Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan waɗanda ka tambaya, sai ka raba 100 da ita. Mutum 25: 5 sau 5 ke nan, 100 a raba da 5 ya ba da 20. Wato in ka sami kashi 50 cikin 100, gaskiyar tana iya zama 30, tana iya zama 70. Wane shugaba zai sayi kaya a kan wannan? Mutum 100 suna rage kuskuren zuwa kashi 10, mutum 400 zuwa kashi 5. Ko a haka, alkawarin na sau 19 ne cikin 20. Ku lura kuma: rage kuskure zuwa rabi yana bukatar ninka wahala sau huɗu.

Da yake makaranta ba ta da yawan jama'ar gari, akan sami sauƙi. Jadawalin da Krejcie da Morgan suka buga a 1970 ya nuna cewa cikin mutum 600, 234 sun isa. Cikin 1,000, 278. Cikin miliyan ɗaya kuwa, 384 kacal. Wannan ya ba mu mamaki, sai muka tuna da uwa a madafa. Ludayi ɗaya take ɗanɗanawa, ko tukunyar gida ce ko ta biki, muddin ta juya miyar sosai.

Juyawar nan ita ce inda yawancinmu ke faɗuwa. A 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Yawancin sunayen daga littattafan tarho da rajistar masu motoci ta samo su, kuma akasarin waɗanda ta aika wa takarda ba su amsa ba. George Gallup ya tambayi kimanin mutum 50,000, ya ce Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48.

Haka zai same mu in muka tsaya ƙofar ɗakin cin abinci muna tare abokanmu: 'yan jeka-ka-dawo ba za su shiga ba ko ɗaya. Gara a ɗauki rajista, a ba kowa lamba, a naɗe takardun a zuba cikin bokiti, a girgiza, a zaro. Sai a ƙara wani abu saboda masu ɓatar da takarda. In ana zaton ɗaya cikin biyar ba zai dawo da tasa ba, a raba 293 domin a sami 234. Masu son kwatanta maza da mata kuma su sani cewa sun raba tukunyar biyu, kowane ɓangare sai an yi masa nasa lissafi.